Za a mayar da ɗakin littattafai aji: in tsaya ko in koma wa alli?

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata kwalejin gwamnati a nan Damagaram. Shekara 13 na yi ina koyar da Faransanci, sai maƙogwaro ya fara ba ni wahala, likita ya ce in daina ɗaga murya. Shekara biyu ke nan da aka cire ni daga aji aka damƙa min makullin bibliyotek, aikin da ban taɓa koya ba ko na yini ɗaya. Littattafan za su kai 700 a cikin armuwar huɗu, yawancinsu kyauta ce daga waje. Ranar da aka ba ni makulli aka ce duk wanda ya ɓace daga albashina za a cire, shi ya sa nake barin su a kulle. Yara ba su cika shigowa ba. Abokan aiki in sun wuce sai su ce "Madam ta samu inuwa". Yanzu direkta ya ce in an dawo daga babban hutu zai zuba ƴan sizyam, wato ajin farko na kwaleji, a ɗakin, littattafai kuma a kai su mangaza. Maigidana ya ce in kwantar da hankalina tunda albashi na shigowa. Ni kuwa abin yana cina a rai, ji nake kamar an ajiye ni ne kawai. In nemi a mayar da ni aji ko muryar za ta ƙarasa tafiya, ko akwai abin da zan iya yi a nan?

Wata malama daga Damagaram

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Maganar komawa aji ki ajiye ta gefe. Likita ya riga ya faɗa miki, kuma ke kin fi ni sanin abin da ake nufi da tsayawa gaban yara tamanin ko ɗari, cikin ƙurar alli da ta hunturu, ana so na bayan aji ya ji ki. Muryar da ta rage miki ƴaƴanki na gida ma suna da haƙƙi a kanta. Ki tsaya a inda kike. Amma zan faɗa miki wata magana da ƙila ba za ta yi miki daɗi ba, ki yi min haƙuri: hujjar da direkta zai kafa don karɓe ɗakin nan, makullin da ke cikin jakarki ne yake ba shi ita kullum.

Ki tsaya a inda yake tsayawa ki duba. Yana da ajin sizyam da yara suka cika har bakin ƙofa, wasu uku uku a tebur, wasu a ƙasa. Wataƙila yana da aji ɗaya ko biyu na zana da kara, kuma duk shugaban makaranta a ƙasar nan yana tune da gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilun 2021 da wadda ta biyo baya a Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, inda yara fiye da 20 suka rasu a can kaɗai. Sai ya leƙo ɗakinki, ginin siminti mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ya ga armuwar huɗu a kulle da mace ɗaya zaune ita kaɗai. Ko ni ne a kujerarsa tunanin da zai fara zuwar min ke nan. Kada ki ɗauke shi maƙiyi. Mutum ne da bai taɓa ganin amfanin ɗakin da idonsa ba, kuma babu wanda zai nuna masa sai ke.

Ba daga nesa nake hango wannan ba. Shekarun baya ni ma an taɓa ba ni irin wannan makulli a wata makaranta, da irin wannan gargaɗi, na kuma yi abin da kika yi. Akwai wani yaro ɗan aji na biyu, siriri, kullum da hutun ƙarfe goma sai ya zo ya tsaya jikin gilashin armuwar yana karkata kai yana karanta sunayen da ke bayan littattafai. Ba ya cewa komai. Ya yi haka kusan wata guda. Wata rana na ce masa, "Wanne kake so?" Ya nuna wani babban littafin taswirorin duniya da bangonsa ya fara ɓallewa. Na buɗe na miƙa masa, ya zauna a ƙasa ya ɗora shi a cinya, ya sa yatsa yana neman Damagaram. Da ya same ta sai ya bi hanya da yatsa har Agadas, ya haye hamada, ya kai bakin teku, har aka buga ƙararrawa bai ji ba. Washegari ya zo da abokansa uku. A ranar na gane cewa shekara guda na yi ina tsaron dukiyar yara daga yaran.

To amma tsoronki ba na banza ba ne, kuma da shi za mu fara, don ba zan ce ki buɗe armuwar albashinki na rataye a jiki ba. Ki tambayi kanki: wannan magana ta cirewa daga albashi, a rubuce take ko da baki aka faɗa? Kuma da aka ba ki makullin, an ƙirga littattafan gabanki kin sa hannu? Daga yadda kika ce "za su kai 700" na fahimci babu wanda ya san adadinsu, har ke. Saboda haka aikin farko ƙidaya ce. Ki sayi babban kaye mai shafi 200, ki ja layuka: lamba, sunan marubuci, sunan littafi, shekarar bugu, inda aka samo shi, halin da yake ciki. Kowane littafi ki ba shi lambarsa, ki rubuta ta a shafin farko da kuma wani shafi guda na ciki da kika zaɓa, misali shafi na 21 a kowane littafi, ki buga hatimin makaranta a wuraren biyu. Ko an yage bango za a gane na makaranta ne. Da taimakon yara huɗu masu kyan rubutu, littafi 700 ba zai wuce mako uku ba. In kin gama ki kai wa direkta da shugaban COGES, wato kwamitin kula da makaranta, su sa hannu a shafin ƙarshe. Daga nan ki nemi a rubuta dokar aro a takarda guda: kwana nawa ake riƙe littafi, wa zai biya in ya ɓace ko ya lalace, kuma a rubuta ƙarara cewa littafin da aka ba da aro bisa ƙa'ida, sunan mai aro yana cikin rajista, ba ya kan malamar ɗakin. Babu ɗakin karatu a duniya da ake aiki da shi ba a rasa littafi ko ɗaya a shekara. Wanda gara ta ci a kulle ma ai asara ce, kuma shi ko yaro ɗaya bai karanta ba.

Tunda na ambaci gara, ki duba ƙasan armuwar ɗin nan tun gobe. Ki janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu biyu, ki ɗora ƙafafunsu a kan bulo, kada ki bar kwali ko ɗaya a ƙasa. Busasshen ganyen dogon yaro a bayan littattafai yana rage ƙwari, haka malamanmu na zaure suke yi wa nasu tun da. Ki ɗaga kai ki duba rufi kafin damina. Bayan ruwan 2024, wanda ya rushe tsohon masallacin Birni ya kuma sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ba sai an yi wa ɗan Damagaram dogon bayani ba. Littafin da ya yage kada ki liƙe shi da sikoci, zafin Afrilu zai narkar da shi ya bar tabo ya cinye takardar. Farar kol irin ta kafintoci, da ƙyallen atamfa a gadon bayan littafin, a danne da bulo ya kwana, ya fi ƙarko.

Kaye na biyu shi ne makaminki, kuma a kansa nake so ki fi mai da hankali. Ƙarami ne, yana kan tebur kusa da ƙofa da bik ɗaure da zare. Duk wanda ya shigo ya rubuta kwanan wata, sunansa, ajinsa, da abin da ya zo yi: karatu a nan, aro, duba ƙamus, shirin ekspoze, wato bayanin da ɗalibai suke gabatarwa gaban aji. Malami ma in ya shigo ya rubuta. Wanda ya zo neman abin da babu, ki rubuta abin da ya nema a shafukan baya da hannunki. Kowace Juma'a ki tara lissafi: mutum nawa, mata nawa, maza nawa, aro nawa, wane aji ya fi zuwa. Ƙarshen wata ki juye shi a takarda guda ɗaya, kada ta wuce shafi, ki ajiye wa direkta a tebur, ki liƙa kwafi a ɗakin malamai. Ba sai kin ƙara da ƙorafi ko roƙo ba. In kika ce masa karatu yana da muhimmanci zai gyaɗa kai, don shi ma ya sani, ya ci gaba da shirinsa. In kuwa takarda ta nuna masa a watan Maris yara kaza sun shigo, rabinsu ƴan turwaziyam masu shirin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, kuma sau kaza aka nemi ƙamus aka tarar yana hannun wani, kin ba shi abin da zai yi tunani a kai, kin kuma ba shi abin da shi ma zai nuna wa sufeto in ya zo rangadi. Gani ya kori ji.

Kin ce ba ki koyi aikin ba. Gaskiya ne sana'a ce mai zaman kanta, ana yin digiri a kanta, zan kuma zo kan wannan. Amma abin da ɗaki mai littafi 700 yake buƙata za ki iya koyonsa kina aiki. Tsarin da yawancin ɗakunan karatu na makarantu suke bi shi ne wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876: an raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Misali, 200 addini, 300 zamantakewa da ilimi da doka, 400 harsuna, 500 lissafi da kimiyya, 600 kiwon lafiya da noma da sana'o'i, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Ke ba kya buƙatar dogayen lambobin da ake yi a jami'a. Gidajen goman nan sun ishe ki, kowane gida ki ba shi launi, ki liƙa ɗan ƙyalle ko takarda mai launin a bayan littafin. Yaron sizyam da bai iya Faransanci sosai ba zai gane cewa kore kimiyya ne, ya mayar da littafi inda ya ɗauko. Littattafan labarai ki ware su daban, ki jera su da harafin farko na sunan marubuci, masu sauƙi da hotuna a kanta ta ƙasa, fuskarsu na kallon mai shigowa.

Sai kuma abin da masu sana'ar a ƙasashen Faransanci suke kira da kalmar da ke nufin cirar ciyawa, kuma sunan ya dace, duk wanda ya taɓa noman gero ya san in ba a yi ta ba shuka ba ta tashi. Na san irin kyautar da ake turo mana daga waje: a cikin kwali guda za ki samu littafi biyar masu amfani, sauran jagorar biyan haraji ce ta wata ƙasa ta shekaru arba'in da suka wuce, ko littafin kimiyya da ilimin cikinsa ya tsufa. Yaro in ya ja uku a jere ya ga ba su shafe shi ba, ba zai ja na huɗu ba. Ki fitar da su daga kanta. Amma kada ki jefar ko ki ba mai ƙosai, kayan gwamnati ne: ki rubuta lambobinsu, direkta ya sa hannu, su ne za su tafi mangaza. In 700 suka koma 400 masu rai, kin ƙaru.

Yanzu ga maganar abokan aikinki. Kada ki tsaya amsa musu maganar inuwa. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga cikinsu, waɗanda kika san suna son aikinsu, ki je musu da abu a hannu. Malamin tarihi yana gab da shiga darasin daular Damagaram da zamanin Sarki Tanimun, ko zuwan Turawa da yadda Zinder, wato garinmu Damagaram, ta zama babban birnin mulki har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai? Ki tattaro duk abin da kike da shi a kan haka, ko shafi biyar ne a cikin littafi uku, ki sa takarda a wuraren, ki kai masa ki ce, "Mushe, ga abin da na samu, in ka ba su ekspoze ka turo min su rukuni rukuni." Kin rage masa aiki, shi kuma ya turo miki yara. Malamar Faransancin da ta gaje ki kin fi kowa sanin abin da ke damunta, tunda shekara 13 kika yi a wurin. Ki nemi sansar, mai tsara jadawalin darussa, ya saka awa ɗaya ta karatu a jadawalin ƴan sizyam, rabin aji wurinki, rabi wurinta, mako mai zuwa a yi musaya. Ki lura da abin da wannan yake yi: cunkoson da direkta yake kuka da shi kin rage masa shi na wannan awar, ɗakin kuma ya shiga jadawalin makaranta a rubuce. Abin da ke cikin jadawali ba a share shi da magana ɗaya.

Me za ki yi da su a wannan awar, ga murya babu? Su ne za su yi karatun. Ki zaunar da su biyu biyu, mai ɗan ƙarfi da mai rauni, ɗaya ya karanta wa ɗaya ƙasa ƙasa, ke kina zagayawa kina saurare, kina gyara wa kowa a kunnensa. A nan za ki ga abin da ba a gani daga gaban allo. Binciken PASEC na 2019, mai auna ƙwazon yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar kusan yara uku cikin goma ne kawai suke kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare, kuma sauran bakwai ɗin da yawansu suna zaune a sizyam ɗinku yanzu haka, suna kwafe abin da ke allo harafi harafi ba su san me ya ce ba. Malamin da ke da yara ɗari da manhajar da dole ya ƙare ba shi da lokacin zama da irin wannan yaro. Ke kina da shi. Wannan aikin koyarwa ne cikakke, kuma bana jin akwai wanda ya fi shi muhimmanci a kwalejinku.

Ki nemi littattafan Hausa, ko guda ashirin ne. Yaron da Faransanci ya toshe masa hanya, in ya karanta shafi guda da harshen da yake mafarki da shi ya gane har ya yi dariya a inda ya kamata, ya san cewa karatu abu ne da ake fahimta, daga nan zai koma wa Faransancin da wata zuciya. Wanda ya ce miki wannan ba aikin lakwal ba ne, ki tuna masa cewa a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, da Hausa, kuma kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka kafa a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A kasuwa ana samun bugun Kano da Zariya, sai dai ki karanta kowanne da kanki kafin ki sa a kanta, don wasu na manya ne, kuma uba ɗaya in ya zo da ƙorafi zai iya rushe miki aikin wata shida. A intanet akwai African Storybook, inda ake samun gajerun labarai masu hotuna cikin Hausa da Faransanci kyauta, an kuma yarda a sauke a buga. Labari goma a fotokopi, kowanne kwafi biyar, a sa musu bangon kwali, jika kaɗan ne. In makarantarku tana da kwamfuta ko ɗaya ce, akwai manhajar Kiwix da ake zuba Wikipedia a ciki a yi ta dubawa ba tare da intanet ba.

Kina da rana guda da za ki sa a gaba: 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya da UNESCO ta tsayar tun 1995. Ba biki nake nufi ba, babu kuɗin haya rumfa da kujeru. Ki nemi izinin direkta ki gayyaci ƴan COGES, da ƙungiyar iyaye, musamman iyaye mata, su zo cikin ɗakin na awa guda da safe kafin rana ta yi zafi. Yara shida su karanta, uku da Faransanci uku da Hausa, kuma kada ki zaɓi na ɗaya na ɗaya a aji kawai, ki sa wanda kowa ya san bai iya ba a Janairu. Na taɓa ganin wata uwa mai sayar da fura, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, zaune a kan benci ta rufe baki da gefen mayafi, ƴarta tana karanta tatsuniya daga takarda. Da yarinyar ta kai ƙarshe uwar ce ta riga kowa cewa "ƙurunƙus". Da aka zo taron kwamiti na gaba, ita ce ta miƙe ta tambayi nawa ne kuɗin ƙamus. Irin waɗannan mutane in suka ce a bar ɗakin nan, maganarsu ta fi taki nauyi sau goma, don babu wanda zai ce suna kare kujerarsu ne.

Bayan wannan ranar, ba kafinta ba, ki nemi ganin direkta ku biyu a ofishinsa, ba a tsakar makaranta ba, ba gaban malamai ba. Ki je da kayenki biyu. Ki fara da yarda cewa matsalar aji gaskiya ce. Sannan ki nemi abubuwa ƙanana masu suna da farashi: a bar ɗakin shekara guda a gwada, a duba lissafi a ƙarshe, ƙamus biyar, benci huɗu daga cikin karyayyun da ke jibge, kafinta ya gyara, wani ɗan kaso tsayayye daga kuɗin COGES kowace shekara, ko kaɗan ne, don abin da aka rubuta a kasafi yana dawowa baɗi. Ki kuma nemi ya ba ki takardar aiki a rubuce da ke cewa ke ce mai kula da bibliyotek, da ayyukan da ke kanki. Wannan takardar za ta yi miki amfani duk ranar da aka sauya shugaba ko kika nemi horo. Za ki iya nuna masa sanarwar da IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, ta fitar tare da UNESCO a 1999 kan ɗakunan karatu na makarantu. Gajera ce, akwai ta da Faransanci, kuma ta faɗi cewa in masu kula da ɗakin karatu da malamai suka yi aiki tare, ɗalibai sun fi ƙwarewa a karatu da koyo. Amma ki sa ta a ƙarƙashin kayenki, kada ta hau kansa.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan a karɓe ɗakin, in ɗalibai suka yi yawan da babu yadda za a yi. In haka ta faru, ki roƙi abu ɗaya: kada littattafan su tafi mangaza. Armuwar biyu a bayan ajin, biyu a ɗakin malamai, da akwatin ƙarfe mai littafi arba'in da yara biyu za su riƙa ɗauka aji aji bisa jadawali. Rajistar aro ta ci gaba, lissafin wata ya ci gaba, kuma duk ranar da aka gina sabon aji ke ce ta farko a layi da hujjarki a hannu.

Game da horo na takarda, akwai hanyoyi, amma ki bi a sannu. A Yamai akwai makarantar ESSCOM, da ake kira IFTIC a da, wadda ban da aikin jarida tana horar da masu aikin adana takardu da bayanai. A Dakar akwai EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop, wadda tun 1967 take horar da ma'aikatan ɗakunan karatu na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma tana da karatu daga nesa ta intanet, abin da zai fi dacewa da mai iyali. Ga wanda ya iya Ingilishi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen wannan fanni tun 1968, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da nata, kuma duk sun fi Yamai kusa da mu. Gargaɗina ɗaya ne: kafin ki biya ko dala, ki je ofishin ma'aikata na hukumar ilimi ta jiha ki tambayi yadda ake samun izinin tafiya karatu a hukumance, da ko takardar da za ki samo za a lissafa miki ita wajen ƙarin matsayi. Na san waɗanda suka ci bashi suka yi karatu ba tare da wannan izini ba, suka dawo takardar tana cikin akwati, matsayi yana nan inda yake.

Kafin wannan ma akwai makarantar da ba ta buƙatar kuɗi. Jami'ar André Salifou tana nan cikin garinku, tana da ɗakin karatu da ma'aikatan da suka koyi sana'ar. Ki sa direkta ya rubuta miki ƴar wasiƙa, ki je ki gaishe su, ki roƙi ki riƙa zuwa rabin yini a mako kina kallon yadda suke rajista da jeri da aro. Masu wannan sana'a ba su cika samun mai tambayarsu ba, in sun samu sukan buɗe masa ciki. A wurinsu za ki ga manhajoji irin su PMB ko Koha, waɗanda kyauta ne, ko da yake ni ban ba ki shawarar ki fara da su ba sai kayenki ya zauna daram, don wuta tana ɗaukewa, kaye kuwa ba ruwansa. Ƙungiyar AfLIA mai hedikwata a Akara, wadda ta haɗa ɗakunan karatu na Afirka, takan shirya darussa ta intanet. Ki riƙa leƙa shafinta. Jagorar da IFLA ta fitar a 2015 kan ɗakunan karatu na makarantu ita ma kyauta ce, ki sauke a waya ki riƙa karanta babi guda a mako.

Kuma ki nemi ƴan uwanki. Na tabbata a kwalejoji da lise na cikin garin nan akwai wasu da aka ba makulli kamar yadda aka ba ki, saboda ciwo ko gabatowar ritaya, kowa yana zaune shi kaɗai yana zaton shi kaɗai ne. Ki samo ko huɗu ne, ku buɗe zaure a WhatsApp, ku riƙa haɗuwa Asabar ɗaya a wata, yau a makarantar wannan gobe a ta wancan. Wadda take da kwafi goma na littafi guda ta yi musaya da wanda ba shi da ko ɗaya, a rubuce. Ranar da za ku rubuta wa daraktan ilimi na jiha kuna neman a shirya muku horon kwana uku cikin hutu, wasiƙar da ke ɗauke da sa hannun makarantu biyar da lissafin kowacce ba a ajiye ta kamar ta mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maigidanki kuma kada ki ji haushinsa, lafiyarki yake dubawa, ya ga wahalar da kika sha da maƙogwaron nan. Ki nuna masa cewa aikin da za ki shiga ba ya cin murya, in ya samu sarari ki gayyace shi ranar 23 ga Afrilu ya zauna cikin iyaye. Ki riƙa ajiye ruwa kusa da ke, ranar ƙidaya da kakkaɓar littattafai ki rufe hanci da baki don ƙurar tsohuwar takarda ba ta da kyau ga mai irin ciwonki, aikin kakkaɓar ma ki bar wa yara su yi shi a waje. Bayan taron ki sake rubuto min, ki faɗa min lamba nawa kayen bakin ƙofa ya kai, da littafin da aka fi nema ba a samu ba.